Wata Uku a Turai: A Fara da Ƙidayar Kwanaki

Masu kallonmu, assalamu alaikum. Wanda ya ƙuduri niyyar yin doguwar tafiya zuwa Turai yakan fara ne da jera biranen da yake marmarin gani, sai daga baya ya waiwayi batun biza. A ganinmu ƙidayar kwanaki ce ya kamata ta zo farko, domin ita ce za ta nuna masa inda zai iya zuwa da kuma tsawon zaman da zai yi a can.

Ƙasashe 29 ne ke cikin yankin Shengen, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a Luksambok inda aka sa hannu a yarjejeniyar kafa yankin a 1985, kuma biza ɗaya ta isa a zagaya su duka. Siwizalan da Nowe suna ciki duk da cewa ba sa cikin Tarayyar Turai, amma Birtaniya da Ailan ba sa ciki, saboda haka mai son ganin Landan sai ya nemi wata bizar daban.

Ƙa'idar da ta fi rikita matafiya ita ce ta kwana 90 cikin kwana 180. Ba a ba kowace ƙasa nata kwana 90 ba, duka yankin ake lissafawa wuri ɗaya, kuma ranar shiga da ranar fita duk suna cikin ƙidaya. A kowace rana da mutum yake cikin yankin, ana duba kwana 180 da suka gabata a ga nawa ya kwashe a ciki. Wanda ya sauka a Madrid ranar 1 ga Maris bai fita ba, ranar 29 ga Mayu ce ranarsa ta ƙarshe, kuma ba zai sake shiga ba sai 28 ga Agusta. Tsallakawa Maroko na mako guda ba ya mayar da lissafin farko, iyaka dai kwanakin da aka yi a can ba sa shiga ƙidaya. Sannan a karanta abin da aka rubuta a jikin bizar da kyau, domin ofishin jakadanci yana iya ba da kwanaki ƙasa da 90, ko kuma izinin shiga sau ɗaya tak, wanda ke nufin idan aka hau jirgin ruwa daga Tarifa a Sifen zuwa Tanja a Maroko, hanyar dawowa ta rufe.

Daga wannan lissafi ne ake sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ana neman bizar ne a wurin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan kuwa kwanakin sun zo daidai, sai a nufi ƙasar da za a fara shiga. Mai niyyar kwana 35 a Sifen da 25 a Italiya da 20 a Faransa, Sifen zai nema, ko da jirginsa a Faris zai fara sauka. Ana iya miƙa takardu tun saura wata 6 a tashi, kuɗin biza ga babba Yuro 90 ne, ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma dole fasfo ya kasance da sauran wata 3 bayan ranar barin yankin.

Bayan an kammala wannan ne za a dubi yanayi da aljihu. Yuli da Agusta lokacin hutu ne, masauki yana tsada, kudancin Sifen kuma yana zafin da Bakano ma zai nemi inuwa. Wanda ke son ganin abin da Musulmin Andalus suka bari, wato babban masallacin Kurɗuba da fadar Alhambra a Garnada, gara ya sa su a Afrilu ko Oktoba, ya kuma sayi tikitin Alhambra ta intanet tun da wuri, saboda mutanen da ake bari su shiga a rana ƙayyadaddu ne. Arewacin nahiyar kuwa ya fi dacewa da tsakiyar shekara, domin a Disamba rana takan faɗi a Istokhom, babban birnin Suwidin, wajen ƙarfe uku, har Azahar da La'asar da Magariba su zo kusan a jere.

Shawararmu ita ce a zaɓi birane huɗu ko biyar a yi zango mai tsawo a kowanne, ana fita garuruwan kusa a jirgin ƙasa ana dawowa, domin haya ta mako ko ta wata takan fi ta kwana-kwana sauƙi, kuma mai sauya masauki duk bayan kwana biyu rabin tafiyarsa a tasha take ƙarewa. A kuma bar kwana huɗu ko biyar daga cikin 90 ɗin ba tare da an tsara musu komai ba, saboda rashin lafiya ko soke tashin jirgi, kada mutum ya wayi gari ya zarce wa'adinsa, abin da kan jawo tara ko hana shi biza a gaba.