Darasi a Kan Khal ɗin Tuffa: Amfaninsa a Abinci, Lafiya da Gyaran Jiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwana masu kallo, iyayena mata da ƙannena, na nan Jidda da na Makka da Madina, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau a kan khal ɗin tuffa yake, wanda masu shago a nan suke kira khal tuffah, kuma na ɗauko shi ne saboda tambayoyin da suka taru a kansa sun fi na kowane kayan gyaran jiki yawa. A kan teburin nan akwai kwalba uku, da kofi, da cokali, da kuma wani ƙwai da na jiƙa tun shekaranjiya, wanda za mu zo kansa idan lokacinsa ya yi.

Bari mu soma da sanin abin da ke cikin kwalbar. Ana matse tuffa a sami ruwanta mai zaƙi, sai yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, daga nan wasu ƙwayoyin bakteriya masu buƙatar iska su juya barasar ta zama sinadarin tsami da ake kira asetik. Wannan sinadari shi ne ruhin kowane irin khal, ko na dabino ne, ko na inabi, ko na rake, kuma a kwalbar da ake sayarwa don ci yawansa yakan kasance wajen kashi 5 cikin 100, kusan duk sauran ruwa ne. Ku dubi wannan kwalba ta farko, za ku ga tana da gurɓi, da wani abu kamar yanar gizo yana lilo a ƙasanta. Shi ake kira uwar khal, wato tarin ƙwayoyin da suka yi aikin. Ta biyu an tace ta, shi ya sa take garau. Mutane suna biyan kuɗi mai yawa saboda uwar, amma tsamin da ke yin aiki a jiki ɗaya ne a cikin kwalaben biyu. Ta ukun kuwa ita ce nake so ku riƙe sunanta da kyau: ruhul khal. Wannan sinadarin asetik ne mai kauri wanda ba a sirka ba, yana ƙone baki da maƙogwaro, saboda haka ba a shansa, ba a shafa shi, kuma ba a ajiye shi inda hannun yaro zai kai.

Na san da na ambaci barasa gaban wasu ya faɗi. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye ta zama khal da kanta ta tsarkaka kuma ta halatta. Saɓaninsu a kan wadda mutum ya juya da gangan ne, inda Hanafawa suka halatta, Shafi'awa da Hambalawa suka tsananta, a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa giyar da aka mayar khal a cikin abubuwa masu tsarki. Wanda yake son zurfafawa ya koma ga malaminsa, domin ni ba fatawa na zo bayarwa ba.

Hadisin da masu sayar da khal suke yawan kawowa ingantacce ne, Imamu Muslim ya ruwaito shi daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi iyalinsa mahaɗi, suka ce ba su da komai sai khal, sai ya sa aka kawo, yana ci da shi yana cewa madalla da mahaɗi khal. Ina roƙonku ku lura da kalmar da ya yi amfani da ita. Mahaɗi ya ce, wato abin da ake dangwala gurasa a ciki, kamar yadda muke haɗa tamis da ful da safe. Hadisin bai ambaci tuffa ba, kuma bai ce a cika kofi a shanye kafin a karya kumallo ba. Likitocin da, tun daga Hipokratis na ƙasar Girka har zuwa Ibnu Sina, su ma ba gayansa suke bayarwa ba, sukan haɗa shi da zuma da ruwa, haɗin da littattafan likitancin Musulunci suke kira sakanjabin. Mu kanmu Hausawa tsami ba baƙonmu ba ne, muna da tsamiya a kunu da tuwo, muna da yakuwa da lemun tsami, kuma babu uwar da ta taɓa ba ɗanta jiƙon tsamiya mai kauri ba tare da ta sirka ba.

Yanzu sai batun ciwon suga, wanda kusan babu gidan da bai taɓa ba a ƙasar nan. A nan ne binciken zamani ya fi ba khal gaskiya. A shekarar 2004 wata mai bincike, Carol Johnston, ta Jami'ar Jihar Arizona a Amurka, ta ba mutane khal ɗin tuffa da aka sirka kafin su ci abinci mai yawan sitaci, aka ga jikinsu ya fi sarrafa sukarin abincin, musamman waɗanda ciwon yake shirin kama su. Mutanen ba su kai 30 ba, amma wasu ƙananan gwaje-gwaje da suka biyo baya sun nuna irin haka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsamin yana jinkirta fitar abinci daga tumbi zuwa hanji, sai sukarin ya shiga jini sannu a hankali maimakon ya kwarara a lokaci guda. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan za ki ci kabsa ko tuwon shinkafa, kika yanka kokwamba da tumatir da albasa kika zuba musu cokali ɗaya na khal da man zaitun, kin yi wa kanki alheri. Amma wannan ɗan sassauci ne na awanni kaɗan bayan cin abinci, bai kai a ajiye maganin asibiti ko allurar insulin saboda shi ba. Haka kuma wanda ciwon suga ya daɗe a jikinsa har tumbinsa ya yi sanyin aiki, yana jin kumburi da tashin zuciya bayan cin abinci, khal zai ƙara masa matsalar ne, domin jinkirin da yake amfanar wani shi ne ainihin ciwonsa.

Maganar rage ƙiba ita ce ta fi yawo a WhatsApp, kuma ita ce aka fi yi wa ƙarin gishiri. A shekarar 2009 an yi wani gwaji a Japan da mutane 175 masu ƙiba, na tsawon mako 12, wasu suna shan mililita 15 a rana, wasu 30, wasu kuma abin sha marar khal. Waɗanda suka sha khal sun rage tsakanin kilo 1 zuwa 2, kuma mako huɗu bayan sun daina nauyinsu ya dawo. Masu binciken ma ma'aikatan wani kamfanin yin khal ne. A 2024 an buga wani bincike daga Lebanon da ya ce matasa sun rage kilo 6 zuwa 8 a cikin wata uku, labarin ya zaga duniya, sai a 2025 mujallar da ta buga shi ta janye shi saboda alƙalumansa ba su tsaya ba. Labarin farko ya kai ko'ina, na janyewar kuwa ban ga wanda ya turo mini shi ba.

To, ga ƙwan nan. Ku duba, ɓawonsa ya narke gaba ɗaya, sai wata fata mai laushi ta rage, ina danna shi yana lotsawa kamar balan-balan. Khal na abinci kawai na zuba masa, kuma tun a mintunan farko ƙananan kumfa suka rufe shi. An ce gani ya kori ji. Farin rufin da ke kan haƙoranmu shi ma da sinadarin kalsiyam aka gina shi, ya fi ɓawon ƙwai ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tsami yana cinsa kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Saboda haka ga yadda ake sha ga mai son sha. A ɗauki babban cokali ɗaya, wato mililita 15, a zuba a cikakken kofin ruwa, a sha tare da abinci, kada a wuce cokali biyu a yini. A yi amfani da tsinken shan lemo don kada ya wanke haƙora, a kurkure baki da ruwa bayan an gama, sannan a jira kamar rabin awa kafin a sa buroshi ko aswaki, domin a wannan lokacin rufin haƙorin yana da laushi. Masu goge haƙora da khal don su yi fari kuwa, garin neman gira ne za a rasa ido.

Akwai masu haɗa shi da bikarbonat, wato farin garin nan ɗan uwan kanwa, su sha, suna ganin kumfar da ta tashi alamar ƙarfi ce. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san amsar: kanwa kashe tsami take yi. Wanda ya haɗa su ya kashe abin da ya saya da kuɗinsa, ya kuma ƙara wa jikinsa gishiri, wanda mai hawan jini ba ya buƙata.

Waɗanda ya kamata su yi nesa da shansa, ko su tuntuɓi likita tukuna, su ne masu gyambon ciki da yawan ƙwannafi, da masu ciwon ƙoda, da masu allurar insulin, da masu shan maganin da ke sa yawan fitsari ko maganin zuciya na digoksin, domin khal mai yawa yana iya rage sinadarin fotasiyam a jini, waɗannan magunguna kuma suna da alaƙa da shi. Likitoci a Ostiriya sun ba da rahoto a 1998 na wata mace mai shekara 28 da ta riƙa shan kusan mililita 250 kullum har shekara shida, aka kwantar da ita da ƙarancin fotasiyam, aka kuma tarar ƙasusuwanta sun yi rauni irin na tsofaffi. Mai juna biyu ta tsaya a kan wanda aka tace aka dafa, kuma a cikin abinci.

Mu koma kan gyaran jiki, inda na san ƙannena 'yan mata suka ƙosa mu iso. A wajen gashi khal yana da amfani na gaske, kuma dalilinsa a fili yake. Sabulu da man shaƙe gashi, wato man da ake miƙar da gashi da shi, suna barin gashi a buɗe yana kaushi, tsami mai sauƙi kuma yana kwantar da shi ya yi santsi da sheƙi, ya kuma wanke dattin mai da ya taru. Bayan kin tsefe kitso kin wanke kai, ki zuba cokali ɗaya ko biyu a kofin ruwa, ki kwarara a hankali kina rufe ido, ki bar shi minti biyu ko uku, ki ɗauraye. Sau ɗaya a mako ya wadatar, domin gashinmu mai saurin bushewa ne, ga zafin Jidda, ga kai a rufe yini guda. Idan akwai rauni a fatar kai, ko kin shafa man shaƙewa a kwanakin nan, ki dakata. Amosanin kai mai tsanani kuwa shamfu na magani yake so.

Fata ita ce inda na fi ganin ɓarna. Wata baiwar Allah ta nuna mini kumatunta bayan ta jiƙa auduga da khal ta ɗaure a kan ƙurji ta kwana da shi. Ƙurjin da zai baje da kansa cikin mako ɗaya ya zama ƙuna, ƙunar ta warke ta bar baƙin tabo faɗin riyal na ƙarfe, irin tabon da fatarmu take daɗewa ba ta saki ba. Haka yake faruwa ga masu son cire tawadar Allah da shi. Ko ga masu ƙaiƙayin fata na ezima, wani gwaji da aka yi a Jami'ar Bajiniya a 2019 ya nuna jiƙa hannu a khal da aka sirka sosai bai gyara fatar ba, yawancin waɗanda suka gwada ma zafi da ja suka samu. Wadda ta nace sai ta goge fuska da shi, ta sirka kashi ɗaya da kashi goma na ruwa, ta gwada a cikin dantsenta ta jira kwana ɗaya, kuma kada ta yi haka a ranar da aka yi mata halawa ko dilka, domin fatar a buɗe take. Sai wata magana da zan faɗa da kunya amma ba zan tsallake ba, iyayena ku gafarce ni: yin tsarki ko matsi da khal a cikin gaba ba gyara ba ne. Wurin yana da nasa ma'aunin tsami da ƙwayoyin da ke kare shi, wanke ciki yana ɓata wannan tsari ya buɗe ƙofa ga cuta, kuma mai fama da ƙaiƙayi ko fitar ruwa mai wari likitar mata ya kamata ta gani.

Wajen saye, a babban kanti ko wurin masu attara, wato masu sayar da kayan ƙamshi da maganin gargajiya, a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ku karanta jikin kwalba. Ku nemi inda aka rubuta cewa na tuffa ne na asali, da yawan tsaminsa, da ranar ƙarewa, ku guji wanda aka ɗura a gorar ruwa babu rubutu. A ajiye shi a rufe, nesa da rana, ba ya buƙatar firji.

Tambaya ta ƙarshe daga wata Hajiya ce a Makka, tana so ta san ko za ta iya buɗe baki da shi a watan azumi don kada sambusa ta sa mata teɓa. Hajiya, ciki ya wuni babu komai, kada tsami ya zama farkon abin da zai sauka a cikinsa. Ki fara da dabino da ruwa, ki sha shurbarki, ki yi sallar magariba, idan kin zauna cin abinci sai ki zuba cokali ɗaya a kan salak. Da sahur kuwa ki bar shi, saboda ƙwannafin da zai iya tayar miki ba ki da damar kora shi da ruwa sai rana ta faɗi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.