Dashen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa: aikin da ɓeraye suka share wa hanya

Jama'a masu saurare, barkanmu da wannan lokaci.

A 1979, a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Anders Björklund da Ulf Stenevi suka ciro ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga 'yan tayin ɓera, suka dasa wa manyan ɓeraye da aka lalata musu ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa. Ƙarancin wannan sinadari ne ke kawo cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki. Irin wannan ɓera, in aka yi masa allurar gwaji, sai ya yi ta zagaye wuri guda. Bayan dashen zagayen ya ragu, domin ƙwayoyin sun rayu, sun miƙa zaruruwa cikin ƙwaƙwalwar da ba tasu ba.

To, amma nawa ne suka rayu? Nan gizo ke saƙar. Galibi fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin dofamin ɗin kan mutu, akasarinsu a makon farko. Kamar dashen tumatir ne: an tuge shi daga inda ya saba, jijiyoyin jini ba su iso da iska da abinci ba tukuna, ga kuma garkuwar jiki ta taso wa baƙo. Shekarun tayin ma abin lura ne. Ƙwayar da ta girma ta riga ta miƙa zare, ciro ta kan tsinka shi. Wadda kuma ta cika ƙuruciya tana iya ci gaba da rabuwa har ta zama ƙari.

Sannu a hankali aka koyi renon ƙwayoyin asali, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki, a ɗakin bincike zuwa daidai matakin da ake so. A 2011 ayarin Lorenz Studer a New York ya nuna cewa ƙwayoyin ɗan'adam da aka rena haka sun rayu a ɓeraye da birai. A 2017 ayarin Jun Takahashi na Jami'ar Kyoto ya bibiyi birai masu alamun Parkinson da aka yi wa dashen har shekara biyu, motsinsu ya gyaru, ƙari bai fito ba.

Wasu na ganin an cika jan ƙafa wajen kai dashen ga marasa lafiya. Ni ban ga haka ba. A 2009 likitocin Isra'ila sun ba da rahoton wani yaro da aka yi wa allurar ƙwayoyin ƙwaƙwalwar tayi a wani asibiti a Masko, daga baya ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa da laka, kuma bincike ya nuna daga ƙwayoyin ne. Don haka duk wanda ya tallata muku wannan dashe a matsayin magani na kuɗi hannu, ku tambaye shi sakamakon gwajinsa. Gwaje-gwajen Kyoto da na Arewacin Amurka da aka wallafa a 2025 mutum 7 da mutum 12 kawai suka ƙunsa, kuma babban abin da suka auna shi ne ko dashen yana cutarwa.