Ramin da ke ƙofar gidanku, wa ke da alhakin cike shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku kalli wannan ramin da ke gabanku. Watan da ya wuce bai fi faɗin faranti ba, yanzu ga shi nan mai keke napep sai ya hau bakin shagon mutane kafin ya wuce, ɗan acaba kuma in dare ya yi sai dai Allah ya tsare. Kowa ya zo wucewa sai ya ce gwamnati ba ta aiki. Toh wace gwamnatin? Dan a Zariya gwamnati uku ne ke da hannu a titi, kuma da yawanmu ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba.

Babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Kwangila ta miƙe Kano, wannan ta gwamnatin tarayya ce, haka ma wadda ta bi ta Samaru ta tafi Funtua har Sakkwato. Hukumar gyaran titunan tarayya, FERMA, da aka kafa a 2002 ita aka ɗora wa gyaran irin waɗannan. Sai titunan jiha, yawancin manyan hanyoyin cikin gari kenan, su kuma KADRA, hukumar tituna ta jihar Kaduna, ce ke kula da su. Ragowar, wato layin unguwa, hanyar da ke bayan kasuwa, lungun da ya haɗa masallaci da makarantar firamare, wannan na ƙaramar hukuma ne. Kuma garin da muke kira Zariya a baki ɗaya ƙananan hukumomi biyu ne a tsakiyarsa, Zariya da Sabon Gari. Mutumin Tudun Wada ko Babban Dodo da mutumin Samaru ko Muciya ba ciyaman ɗaya gare su ba, ko da kuwa kasuwa ɗaya suke ci.

Ba alfarma ba ce fa. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, a ciki akwai ginawa da gyara tituna, fitilun kan titi, magudanan ruwa, kwashe shara, kasuwanni da tashoshin mota, har da raɗa wa layi suna da sa wa gidaje lamba. Ku riƙe magudanan ruwan nan, dan a nan maganar take.

Abin da ke kashe titi ruwa ne, mota dai ƙarasawa take yi. Kwaltar da kuke gani fata ce kawai, ba ta da wani kauri, ƙarfin titi yana ƙasa a jar ƙasa da tsakuwar da aka daddanne da rola. Muddin ƙasan nan a bushe yake titi zai ɗauki kaya shekara da shekaru. Amma da zarar kwata ta cika da leda da robar lemo da yashi, ruwan Agusta ya sauko bai samu hanya ba, sai ya hau titi ya kwanta, ya samu 'yar tsaga ya sulale ciki ya jiƙa jar ƙasar ta zama taɓo, tifa ɗauke da yashi ta zo ta taka, shikenan kwalta ta burma, gobe wata ta taka gefen ya ƙara ɓallewa, kafin damina ta fita rami ya zama tafki. Shi ya sa injiniya idan zai yi titi yake ɗan tada tsakiyarsa, dan ruwa ya gangara gefe ya shiga kwata ya bi kwalbati ya tafi rafin Kubanni abinsa.

Wallahi abin da ke min ciwo shi ne yashe kwata ya fi komai araha a aikin titi. Shebur ne da baro da mota ɗaya ta kwashe abin da aka fitar. A yi shi a watan Afrilu kafin ruwan farko. Amma sau nawa muke ganin an yashe an tara dattin a bakin kwata an tafi, ruwan farko ya zo ya mayar da shi inda aka ciro shi?

A sakatariyar ƙaramar hukuma sashen ayyuka ne ke da wannan aikin. Su ya kamata su zagaya su ga inda ya lalace, su auna su yi kiyasin kuɗi, ciyaman ya sa a kasafin shekara, kansiloli su amince. Ƙaramin aiki ma'aikatansu ne ke yi da kansu, babba kuma a ba ɗan kwangila. Shi faci ma akwai yadda ake yinsa: a yanke ramin ya zama kusurwa huɗu, a kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasa har a tarar da mai ƙarfi, a zuba tsakuwa a danne, a shafa ruwan kwalta sannan a zuba sabuwa a sake dannewa. Wanda aka zo aka juye jar ƙasa a rami aka tafi, wannan ƙura ce da rani taɓo da damina. Layin da ba kwalta kuwa gireda yake so duk shekara bayan ruwa ya ɗauke.

Toh ina kuɗin? Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin 100, Kaduna na da 23 a ciki. Shekaru da yawa kuɗin ba ya zuwa hannunsu kai tsaye, sai ya biya ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma albashi, musamman na malaman firamare, yana cinye kaso mai yawa kafin a zo maganar titi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyansu kai tsaye. Ga kuma kuɗin shiga na gida, na rumfunan kasuwa da tasha.

Mu ma da namu laifin, gara a faɗa. Mai sara titi ya ja famfo zuwa gidansa ya rufe da ƙasa, mai juye yashin gini a kan kwalta ya bar shi wata uku, mai gina baranda a kan kwata ta yadda ko an zo yashewa ba hanya. A cikin ganuwa inda lungu ke da matsi, mutum ɗaya ya toshe magudana sai gida goma su kwana kwasar ruwa.

Idan layinku ya lalace ku fara tantance na wa ne. In na ƙaramar hukuma ne ku samu mai unguwa da kansilan mazaɓarku, ku rubuta takarda da sunan layin da hotuna, mutanen unguwa su sa hannu, ku kai sashen ayyuka ku ce a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Ku kai da wuri kafin ƙarshen shekara lokacin da ake haɗa kasafi, bayan sati biyu ko uku ku koma da kwafin a hannu ku tambayi inda aka kwana.