Ƙofar da Baba ya kasa buɗewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo. Yau daga bakin ƙofar ginin da nake haya a unguwar Bronx ta birnin New York nake magana da ku, kuma gaskiya raina a ɓace yake. Jiya bayan sallar isha'i na tarar da maƙwabcina, wani dattijo mai larurar gani, tsaye cikin sanyi yana lalube a kan wannan gilashin na'urar buɗe ƙofa da kuke gani. Na ce, "Baba, tun yaushe kuke nan?" Ya ce ya kusa rabin awa.

A da, madannan ƙarfe ne a wurin nan, kuma lamba 5 tana da ɗan ɗigo da yatsa ke ji, wanda daga shi Baba yake gane inda sauran lambobin suke, ya shige ba tare da ya roƙi kowa ba. Sai masu ginin suka cire su da sunan ƙarin tsaro, suka kafa allon taɓawa mai santsi wanda ba ya magana, suka kuma ɗora shi daidai fuskata, alhali ni dogo ne. To mai keken guragu fa? Shi kuwa kurma, in an amsa masa daga sama, babu wata fitila da za ta nuna masa cewa ƙofa ta buɗe. Ɗan makullin da ake karawa a jikin na'urar ma, da nawa ya ɓata, dala 50 na biya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ƙasar nan ta san daidai. Tun 1990 aka sa hannu a dokar ADA mai kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, kuma ƙa'idojinta sun ce a wuraren jama'a kada madanni ya wuce inci 48 daga ƙasa. A asibitin da nake zuwa, faffaɗan madanni ɗaya za ka tura ko da gwiwar hannu ne, ƙofa ta buɗe da kanta.

Na tuna gida, inda sallama ɗaya a zaure ta isa yaro ya fito ya kama wa dattijo sanda. Amma ban manta da matakalan ofisoshinmu ba, duk da dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara.

Idan za ku kawo iyayenku nan, kada ku sa hannu a takardar haya sai sun gwada ƙofar da hannunsu, da dare. Ni dai na rubuta wa masu ginin takardar koke, kuma Baba yana da lambar wayata kafin su amsa.