Amsoshin Tambayoyinku: Ta yaya ake gane makarantar da ke koyarwa da gaske?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon duk sun karkata ne kan shugabancin makaranta da abin da bincike ya gano a kai.

Ta farko daga wani hedimasta ce. Ya ce ya ji masana na cewa gidan da yaro ya fito shi ke yanke hukunci kan karatunsa, makaranta ba ta da wani tasiri. Yana tambaya ko haka ne, kuma ta yaya zai gane tasa makarantar tana aiki.

To Malam, wannan magana tana da asali. A 1966 aka fitar da rahoton James Coleman a Amurka, bayan nazari kan ɗalibai fiye da 600,000, wanda ya nuna cewa halin gidan yaro ya fi gine-gine da kayan aikin makaranta bayyana bambancin maki. Amma ba a tsaya nan ba. A 1979 Michael Rutter da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan makarantun sakandare 12 a Landan. Sun auna yaran tun kafin su shiga, sannan suka bi diddiginsu, sai ga shi makarantu masu ɗaukar yara iri ɗaya suna fitar da sakamako mabambanta. Abin da ya raba su ba girman gini ba ne: fara darasi a kan lokaci ne, da ba da aikin gida a kuma duba shi, da yabon yaro in ya yi daidai.

Darasin da ke ciki shi ne, sakamakon jarrabawar ƙarshe shi kaɗai yana yaudara. Makarantar da ke tace yara tun a ƙofa, ko take sallamar masu rauni gab da jarrabawa, dole sakamakonta ya yi kyau. Abin aunawa shi ne tazarar da yaro ya yi daga ranar da ya shigo.

Ga yadda za ka yi. A makon farko na zango, a gwada kowane yaro shi kaɗai, kamar yadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ke yi. Mataki biyar ne: wanda bai san ko harafi ba, mai gane haruffa, mai karanta kalma, mai karanta gajeriyar sadara, da mai karanta ɗan labari. Takarda ɗaya ta isa, kuma 'yan mintoci kowane yaro zai ci. A rubuta matakinsa kusa da sunansa a rajista. A ƙarshen zango a sake gwaji mai nauyi ɗaya da na farko, amma da wasu kalmomi daban, don kada a haddace. Sai ka ƙirga yara nawa suka hau mataki.

Wurare biyu aikin ke lalacewa. Idan malamin aji shi ya gwada yaransa, hannunsa kan yi sauƙi, don haka a yi musanyar malamai tsakanin azuzuwa. Na biyu, masu rauni su suka fi fashi, in ba a nemo su an gwada ba lissafin zai nuna ci gaban da babu shi. Ka kwatanta suna da suna, ba jimilla da jimilla ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata Malama ce da aka ba mataimakiyar shugaba. Ta ce aikin ofis ya cinye ta, kuma in ta shiga aji duba malami ba ta san abin da za ta duba ba.

Malama, a 2008 Viviane Robinson ta ƙasar New Zealand da abokan aikinta suka tattara nazarce-nazarce kan shugabancin makaranta. Abin da ya fi kowane tasiri a kan karatun yara shi ne shugaba ya shiga a dama da shi wajen horar da malamai da inganta koyarwarsu. Saboda haka zaman aji ba ƙarin aiki ba ne, shi ne aikin.

Fara da ƙidayar lokaci, don ita ba ta jawo gardama. Akwai hanyar da masaniyar ilimi Jane Stallings ta Amurka ta tsara: a raba darasi gida 10. In darasin na minti 40 ne, duk bayan minti 4 ki ɗaga kai ki dubi ajin na daƙiƙa 15, ki rubuta abin da malami ke yi a daidai wannan lokaci. Koyarwa yake yi? Kiran suna, ko raba littattafai, ko tsawatarwa? Ko yana bakin ƙofa yana hira? Ki kuma lura da yara nawa hankalinsu ya tafi wani wuri. Ma'aunin da ake so shi ne kashi 85 cikin 100 na lokacin ya tafi kan koyarwa. Da Bankin Duniya ya yi amfani da wannan hanya a azuzuwa fiye da 15,000 a ƙasashe 7 na yankin Latin Amurka da Karibiyan, ba ƙasar da ta wuce kashi 65. Ki yi lissafi da kanki: in minti 10 na zubewa daga kowane darasi mai minti 40, rubu'in karatu ya tafi, wato mako 3 a zango mai mako 12.

Bayan darasi ki zauna da malamin a ranar, ku kaɗai, ba a gaban yara ko abokan aiki ba. Ki nuna masa takardar, ku zaɓi gyara guda ɗaya tak, misali ya rubuta aikin farko a allo kafin yara su zauna, ya kira suna suna cikin aikin. Bayan mako biyu ki koma. Kada wannan takarda ta shiga fayil ɗin ƙarin girma, domin da zarar malamai sun gane haka, wasan kwaikwayo za su riƙa yi miki. Sannan ki kula kada aikin ya koma cike fom. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya an ƙaddamar da babban shiri na tantance makarantu da rubuta tsarin gyara. An cike takardu an tura, amma da masu bincike Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh suka auna, karatun yara bai motsa ba, saboda ba mai komawa aji ya ga ko an aiwatar.

Wani shugaban kwamitin iyaye ya ce kuɗinsu kaɗan ne, shin littattafai za su saya ko su rage cunkoson aji?

Ranka ya daɗe, rage yawan yara yana aiki in ragin mai yawa ne kuma a ƙananan azuzuwa. A gwajin jihar Tennessee ta Amurka da aka fara a 1985, an kwatanta aji mai yara 13 zuwa 17 da mai 22 zuwa 25, azuzuwa masu yara kaɗan suka yi gaba, musamman 'ya'yan talakawa. Sai dai tsada gare shi, don kowane sabon aji sai da malami da ɗaki. Littattafai kuwa, a yammacin Kenya an raba su a makarantun karkara, sai ya zama masu ƙoƙarin aji kaɗai suka amfana, domin da Turanci aka rubuta su, sun kuma fi ƙarfin yawancin yaran. A wani gwajin a makarantu 121 na Kenya, raba yaran aji ɗaya gwargwadon matakin karatunsu ya taimaki na sama da na ƙasa duka. Shawararmu, ku fara da gwajin da muka bayyana wa hedimasta, a ware awa ɗaya kullum a haɗa yara bisa mataki, sannan a sayi abin karantawa daidai kowane mataki.

Ta ƙarshe gajeriya ce: me ke maganin fashin malamai? Littafin sa hannu da safe ba ya yi, don wani kan sa wa wani. A karkarar jihar Rajasthan ta Indiya an ba malamai kyamara mai nuna rana da lokaci, a ɗauki hotonsu da yara a farkon yini da ƙarshensa, aka kuma ɗaure albashi da yawan ranakun zuwa. Fashi ya sauka daga kashi 42 zuwa 21 cikin 100. Inda ba kyamara, shugaba ya zaga azuzuwa sau biyu a rana, a lokutan da ba a sani ba, ya rubuta ajin da ba malami a ciki, domin malami na iya kasancewa a harabar makaranta alhali ajinsa zaune yake.