Hodar da ke mai da shuɗin haske ya koma wanda ido ba ya gani

Jama'ar Damagaram, ku ɗauki rimot ɗin talabijin, ku saita bakinsa ga kamarar waya, ku danna. A wayoyi da yawa za ku ga ɗan haske yana ƙyaftawa, alhali ido bai ga komi ba. Infrared na kusa ke nan, wato hasken da ke gaba kaɗan da ja, wanda ido ba ya gani. Ganin ido yana tsayawa wajen nanomita 700 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), na kamara mai silikon yana kaiwa wajen 1100.

Ƙwan rimot yana ba da 940, na kamarar tsaro 850, kowanne a ɗan siririn zango. Mai son auna laimar gero ko zaƙin mangwaro kuwa, zango mai faɗi yake nema, don ruwa yana shan haske wajen 970, sukari kuma nasa wurin daban. To, ga dabarar: a ɗauki ƙwan LED shuɗi mai nanomita 450, a kwaɓa garin fosfo (hoda mai shan wani haske ta fitar da wani) da silikon mai danƙo, a shafe kansa. Garin ya sha shuɗi, ya fitar da infrared. Irin wannan ƙwan na kamfanin Osram, SFH 4735, yana ba da daga 650 zuwa 1050.

Sinadarin kuromiyam Cr3+ shi ke aikin, ɗan kaɗan a cikin garin galiyam oksaid ko ganet (wani irin dutsen ma'adini), bayan gashi a tanda fiye da digiri 1000. In an cika kuromiyam ɗin, hasken ya ragu. In wani sashe ya rikiɗe ya zama Cr4+ wajen gashi, shi ke shanye hasken da aka sha wahalar samu.

A haska hannu da ƙwan, a dube shi ta kamara. Jijiyoyi sun fito baƙaƙe don jini ya fi fata shan wannan haske.

Babbar matsala zafi ce. Wajen mai da hasken nanomita 450 ya koma na 800, kusan kashi 44 cikin 100 na ƙarfin hasken zafi yake komawa, ko da garin ba shi da aibi. Kuma da ya ɗumama sai haskensa ya dushe, awo ya karkace. Ku ƙara masa ranar Afrilu a Zinder, sama da digiri 40 a inuwa. Saboda haka a ɗora ƙwan kan farantin alminiyam da man sanyaya a tsakani, a rage masa wuta, a kunna shi lokacin awo kaɗai. Kafin kowane awo a fara haska farin allon gwaji, sannan a haska hatsin. Kada a ƙura masa ido, ko da ba a ganin komi.