Nonna: kakar da ta riƙe gidan Italiyawa a Amurka

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci.

Idan tsohuwa 'yar asalin Italiya ta rasu a New York ko Boston ko Philadelphia, sanarwar rasuwarta a jarida kusan magana ɗaya take ɗauke da ita: ta sadaukar da rayuwarta ga iyalinta, kuma ba za a manta da girkinta na ranar Lahadi ba. Jikokinta suna kiranta Nonna. Yau za mu bi sawun irin waɗannan mata, mu ga abin da wannan sadaukarwa ta ci musu.

Tsakanin 1880 da 1924, Italiyawa fiye da miliyan 4 suka shiga Amurka, mafi yawansu daga kudancin ƙasar: tsibirin Sisili, da Kalabriya, da ƙauyukan da ke kewaye da Napoli. Talauci ne ya kore su. Gonaki suna hannun manyan masu ƙasa, talaka sai ƙwadago, ga haraji mai nauyi tun bayan haɗewar Italiya a 1861. A 1908 kuma girgizar ƙasa ta rushe birnin Messina, ta hallaka dubun-dubatar mutane.

Maza ne suka fara tafiya ci-rani. Matar tana zama a ƙauye shekara da shekaru, tana noma, tana renon yara, tana jiran wasiƙa da ɗan kuɗin da za a aiko. Ranar da kuɗin jirgi ya cika, sai ta ɗaure kayanta ta kama hannun 'ya'yanta zuwa tashar Napoli ko Palermo. Tafiyar takan ɗauki kusan mako biyu a can ƙasan jirgin ruwa, inda ake cusa talakawa. A tsibirin Ellis na New York, inda aka buɗe tashar tantance baƙi a 1892, likitoci suna ɗaga fatar idon kowa suna neman ciwon amosanin ido. Yaron da aka samu da shi ana iya mayar da shi Italiya. Ku yi tunanin uwa tsaye a wannan layi, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya.

Nan ne labarin da jikoki ke bayarwa yakan yi tsalle, ya faɗa kan tukunyar miya. A ganina wannan tsalle yana tauye mata haƙƙi, domin matar nan ba girki kaɗai ta yi ba. Albashin mijinta na haƙa rami ko ɗaukar kaya bai isa ya ciyar da gida ba. Ita ce ta cike giɓin. A ɗakunan haya masu cunkoso na titin Mulberry da unguwar East Harlem a New York, takan karɓo aiki daga masana'anta ta yi a gida: ɗinke bakin wando, dasa maɓalli, harhaɗa furannin ado, ita da 'ya'yanta har dare, ana biyansu gwargwadon yawan abin da suka gama. Takan kuma saukar da gwauraye 'yan garinsu, ta dafa musu, ta wanke musu, su biya ta. A gidaje da yawa, miji da manyan 'ya'ya a hannunta suke damƙa albashinsu, ita ke raba na haya da na cefane da wanda za a aika gida.

'Yan matan da suka fita aikin ɗinki kuwa, wasu ba su dawo ba. Ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar riguna ta Triangle da ke New York, mutum 146 suka mutu, mafi yawansu 'yan mata baƙi, Italiyawa da Yahudawa. Wata ƙofar fita a kulle take.

A 1924 Amurka ta kafa dokar da ta rage shigowar Italiyawa zuwa 'yan dubbai kaɗan a shekara. Mata da yawa ba su sake ganin iyayensu da 'yan uwansu ba har abada. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, gwamnati ta sa Italiyawa kusan 600,000 da ba su karɓi takardar zama 'yan ƙasa ba cikin jerin baƙi 'yan ƙasar abokan gaba. A cikinsu akwai tsofaffin mata waɗanda 'ya'yansu ke sanye da kakin sojan Amurka a fagen daga. Sai a watan Oktoba 1942 aka janye matakin.

Yanzu mu dawo kan abincin, domin shi ma yana da tarihinsa. A ƙauyen da ta baro, nama sai ranar biki. A Amurka ta samu halin sayensa, shi ya sa miyar tumatir ta ranar Lahadi ta cika da nama da dunƙulen nikakken nama, tana dahuwa tun safe. Ƙarshen bazara takan tara iyali a dafa tumatir a ɗura a kwalabe don amfanin shekara. Wannan teburi na Lahadi shi ne inda take ƙirga 'ya'yanta da jikokinta, ta ga wanda ya rame, ta ji wanda ya rasa aiki, ta sulhunta waɗanda suka saɓa. Ba a fashi sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Akwai abu ɗaya da ya kuɓuce mata, kuma yana da ciwo. Yaren ƙauyensu take yi, na Sisili ko na Napoli. 'Ya'yanta sun ji kunyarsa a makaranta suka koma Turanci, jikoki kuwa sai 'yan kalmomi na abinci da na faɗa da na lallashi. Da yawa sun girma a kan cinyarta ba su taɓa jin cikakken labarin rayuwarta daga bakinta ba.

Shi ya sa a yau jikokin ke tono sunanta a rajistar fasinjoji ta tsibirin Ellis, wadda ke kan intanet, suna zuwa ƙauyukan Kalabriya da Sisili neman takardar haihuwarta. A yankin Staten Island na birnin New York kuma, wani mutum mai suna Joe Scaravella ya buɗe gidan abinci mai suna Enoteca Maria a 2007 don tunawa da mahaifiyarsa da kakarsa, ya ɗauki kakanni mata Italiyawa su riƙa yin girkin. Daga baya ya buɗe ƙofa ga kakanni daga wasu ƙasashen duniya, kowace tana dafa abincin garinsu.